Yadda Surukina Ya Riƙe Ni a Saman Bene

Akwai wata fada a bakin layinmu, nan Zango, inda samari ke ɗora butar shayi tun hantsi, ba sa saukewa sai la'asar ta yi sanyi. Duk ranar da na wuce da jakar kayan aikina sai wani ya ɗaga murya: "Shef Lawali, Ɗan Goyo! Yau wa zai riƙe ka?" Su fashe da dariya, ni ma in taya su, don tumbin nan nawa in ya soma rawa ba ya tsayawa sai ya gaji don kansa. Rannan ɗaya daga cikinsu, mai baƙin gilashi da wando kamar an zuba shi a ciki, ya ce shi bai ga abin wuya a gini ba. Ka ɗora bulo bisa bulo, ka shafa siminti, in ka kai sama ka sauko. Na ce masa, ɗana, hawa kam akuyar gidanku ma ta iya. Mu saukowa muka shekara talatin muna koyo, don akwai mai saukowa ta tsani, akwai mai saukowa ta iska. Tunda kun ƙi barin sunan nan, bari in rubuta muku inda ya samo asali, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran.

Bangon farko da na taɓa hawa a Birni yake, katangar wani tsohon gida da damina ta cinye wa kai. Maigidana a sana'a ba zan rubuta sunansa ba, za ku ji dalili. Baba nake ce masa. Babarbare ne, dogo, siriri kamar azara, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Yakan hau bango ya wara ƙafafu ya zauna kamar mai sukuwa, mu muna ƙasa muna jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ko kallonmu. Hannun dama na cafewa, na hagu na kai goro baki. Da idona na ga ya cafe tubali yana tsakiyar atishawa. Kayan aikinmu a lokacin ba su cika buhu ba: galma ta kwaɓa ƙasa, tulu, igiyar awo, tsani na azara biyu da aka ɗaure da igiyar kaba, sai tafin hannu, wanda shi ne cokali, shi ne ma'auni.

A ƙugun Baba kuwa akwai guru, ɗamarar jar fata cike da layu, wadda ya gada wajen ubansa, uban ya gada wajen nasa. Duk tsohon magini a Damagaram yana da irinta. In dai tana ƙugunka, in ji su, bango ba ya kayar da kai. Magini ya ɗaura igiya don tsoron faɗuwa? Wannan ai zagin kakanni ne, kamar ka ce abin da suka bar maka ƙarya ne. Akuya ake ɗaurewa, ba magini ba.

Ni da ba ni da guru, a wata na biyu na faɗo. Allah ya taimake ni na dira cikin kwaɓin ƙasa, na nutse har wuya. Ramin da na bari sai da jakuna suka kwana biyu suna shan ruwa a ciki. Baba ya leƙo daga sama ya ce, "Kai Buhu, ka ɓata mini kwaɓi." Iyakar jajen da na samu ke nan. Amma ku lura da wani abu: ginin ƙasa ba shi da tsawo can, kuma abin da ke jiranka a gindinsa laka ce mai taushi. Faɗuwar wancan zamani yawanci abin dariya ce.

Shekara bakwai ina bayansa, sannan ya ba ni ƴarsa Cima. Ranar da aka shafa fatiha, ranar bakina ya rufe. Jiya maigida ne, in ya zage ni in juya baya in yi gunaguni. Yau suruki ne. Ba na kama sunansa, ba na cin abinci inda yake, in zai wuce in tuɓe takalmi in durƙusa, in magana ta zama dole sai in aika wani ko in faɗa wa ƙasa ita ta isar. Shi ma ya daina ce mini Buhu, na koma "mijin yarinyar nan". Mukan wuni a bango ɗaya, tsakaninmu kamu biyu, amma in ina son igiyar awo sai in gaya wa na ƙasa ya gaya masa.

Sai siminti ya ci gari. Alhazai suka shiga tseren bene. Wani ya taɓa kama hannuna ya kai ni ƙofar maƙwabcinsa ya ce, "Ka ga wannan? Ka ɗara shi da kamu ɗaya, ko da tantabaru ne za su zauna a wurin." Wata Hajiya kuma ba ta yarda da idon kowa ba, kullum sai ta tattare zane ta ce a riƙe mata tsani ta ga ko mun saci siminti a sama, mu biyar muna ƙasa muna salati. Baba ya tsaya a ginin ƙasa, ni na koma na siminti, har na zama shef na shantiye, wato a wurin gini ni ke da ma'aikata, ni ke amsa tambaya in abu ya lalace. Kayan aiki suka ƙaru, tsawo ya ƙaru, amma kawunanmu suna can zamanin laka. Ba wanda ya tsaya ya duba abin da ke jiransa a gindin bene: tsakuwa, fasassun bulo, da ƙarafa a tsaye suna kallon sama kamar masu.

Aikin Takieta shi ya koya mini. Shaguna ne a ƙasa, ɗakuna a sama, bakin babbar hanya. A shekarar, damina ta ƙi, gero ya bushe a karansa, magidanta daga Hamdara da Gaffati suka cika shantiye suna neman aikin lebura, mutanen da abu mafi tsawo da suka taɓa hawa shi ne rumbu. A cikinsu akwai Mutari, mutumin Hamdara, mai ƴaƴa huɗu, ƙaƙƙarfa, ba ya gajiya ba ya musu. Da doguwar rigarsa yake aiki, ya tattare ta a ƙugu, da silifas a ƙafa. Mun kafa dandamalin katako a jikin bango, turaku a tsaye, alluna a kwance ana takawa. Da safe aka rasa allon da za a tare siminti da shi, na ce a ɓalle ɗaya daga dandamali. Da aka gama aka mayar da shi, ba a buga ƙusa ba, wai za a dawo a buga. Mutari ya taho da kwanon siminti a ka, ya taka bakin allon, allo ya ɗaga, riga ta warware ta harɗe masa ƙafa. Bisa tarin bulo ya sauka. Muka kawo shi likita nan Zinder a bayan kamyo, motar ɗaukar kaya. Ya rayu, amma bai ƙara tsayawa da ƙafafunsa ba. Yana nan Hamdara a ƙofar gida yana saƙar tabarma, nakan je. Ni ne shef, ni na ce a ɓalle allon. Wata uku ba a ji dariyata a Zango ba, har wasu suka ɗauka na yi tafiya.

Daga nan na ce kowa sai ya ɗaura igiya, kakanni su yi haƙuri. Sai dai ban san komai game da igiya ba, in ban da ta guga. Na aika Gaffati wajen kawuna aka kawo mini sabuwa fil, mai kauri. Kun san rijiyoyinmu, in ka saki guga da safe sai ka je ka karya kumallo ka dawo kafin ka ji ya taɓa ruwa. Allah ya sa na fara gwadawa da buhun yashi. Na ɗaure shi, na ɗaure ɗaya bakin a ginshiƙi, na tura shi daga rufi. Buhu ya tafi, ya tafi, ya daki ƙasa ya fashe, igiya kuwa ga rabinta nan a nannaɗe kusa da ƙafata ko motsi ba ta yi ba. Ma'aikata suka tsaya suna kallon yashin, kowa yana ganin kansa. Na rage tsawonta, na ɗaura a cikina, na rataya daga wata ƴar azara mai tsayin mutum. Tuwon jiya da na shekaranjiya suka taho maƙogwaro suna gaisawa. Da daga bene na faɗo da wannan ɗauri, da an sauko da ni kashi biyu.

Wani Sanusi, mai hawa dogayen ƙarafan waya, shi ya fitar da ni daga duhu. Ya nuna mini santir, ɗamarar da ke zagaye cinyoyi da ƙirji da kafaɗu, da zoben ƙarfe a tsakiyar baya, da ƙugiya mai kulle kanta. Ya ce igiya gajera, maɗaurinta sama da kanka in da hali, kuma a jikin abin da zai ɗauki sa, ba mutum kawai ba. Na sa aka kawo mini. Tun daga ranar, a shantiyena, allo ba ya kwana ba ƙusa. Tsani ana ɗaure kansa, ba a tokare gindinsa da bulo. Bakin rufi ana kafa masa shingen katako kafin kowa ya matsa. Doguwar riga da silifas da salula a ƙasa suke jiran mai su. In iska ta taso a sauko, in azumi ne rana ta take a koma aikin ƙasa, don mai jiri ba ya sanin yana jiri sai ya ga sama ta koma ƙasa. Ma'aikata sun yi gunaguni, musamman Isufu, babban maginina, wanda ya ce santir na sa shi jin kamar jakin amalanke. Na ce jakin amalanke kullum yana komawa gida da yamma.

To, ga aikin da ya ba ni suna. Wani Alhaji ɗan Birni, mai fataucin fata, ya sa na gina masa bene hawa biyu na siminti, amma ya ce kan gidan yana so ya fito irin na kakansa: zankaye a kusurwoyi, da zane a goshin gini, dagi da sauransu. Masu wannan hannu sun ƙare a garin nan, saura Baba. Kafin in ji labari Alhaji ya je da kansa ya roƙe shi, Baba ya amsa. A lokacin ya haura saba'in. Hannu na nan, ido na nan, amma Cima ta riga ta gaya mini in ya tashi daga sallah sai ya dafa bango, jiri na ɗibarsa, likita ta ce tansiyo ne, wato hawan jini. Aikin kuma a bakin rufi yake, inda dole a cire shingen katako mutum ya leƙa waje, kuma a ƙasan wurin ba laka ba ce, duwatsun Birni ne da Allah ya dasa tun farkon duniya.

Ranar Litinin da safe sai ga shi da ƴar jakarsa, guru a ƙugu. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya dubi sama ya ce da iska, "Wannan ne benen? Na ɗauka dogo ne." Isufu ya matso kunnena ya ce, "Shef, in Baba ya hau haka, mu ma gobe guru za mu nemo." Ba wasa yake ba. In tsoho ya hau ba santir, ko dai ya faɗo a hannuna, ko kuwa dokar da na kafa bayan Mutari ta mutu a ranar. Ni kuma ba ni da bakin da zan ce wa surukina ya ɗaura igiya kamar akuya, gaban mutane. Na aika aka ce masa yashi mai laushi bai iso ba, sai gobe. Yashi kuwa ga shi nan tuli a bayansa, har ya zauna a kai ya ci goro kafin ya tafi.

Da la'asar na tura Cima. Ta dawo tun ban gama alwala ba.

"Me ya ce?"

"Ya ce in gaya wa mijina shekara hamsin yana hawa, ƙasa ba ta taɓa ganin bayansa ba."

"Shi ke nan?"

"Sai ya tambaya ko har yanzu kana cin kwano biyu." Ta zauna ta dube ni. "Malam, ka ji da kyau. In ka bar shi ya hau haka ya faɗo, kai ne. In ka kunyata shi gaban ma'aikata, kai ne."

"To ni ina zan sa kaina?"

"Tumbin nan ma ka samu inda kake sa shi."

Mai gadin shantiyenmu wani tsohon Bafillace ne, Bello. Kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a fushi, abin da ɗaya ya ga dama ya gaya wa ɗaya. Na ce ga bakin da nake nema. Washegari Baba na isowa Bello ya tare shi: "Kai Babarbare, bawana, tsufa ya zo. Zo in ɗaure ka a turke kamar maraƙi kada iska ta tafi da kai." Baba ya ce, "Bafillace, ranar da ka gina abin da ya fi bukka tsawo, ka zo mu yi maganar sama." Ya nufi matakala. Wato maganin ya ƙara ciwon. Na yi wuf na ja Bello bayan tarin bulo, na gaya masa abin da ya faɗo mini a rai a tsayen nan.

Bello ya dube ni sama da ƙasa, wanda ya ɗauke shi lokaci. Ya ce, "Shef, ka san abin da za a riƙa kiranka a garin nan?"

"Na sani."

"Har jikokinka fa."

"Je ka faɗa kafin ya kai sama."

Ya fita ya buɗe murya yadda har masu wucewa a titi suka tsaya. "Babarbare, dakata! Surukinka kunya ta hana shi faɗa maka. Tun abin Takieta zuciyarsa ta mutu. In ya kai rufi ƙafafunsa rawa suke kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Shekaranjiya ma sai da aka canza masa wando." Wannan na wandon ban ce ya faɗa ba, Allah shaida. "Dole ya hau ya ja maka igiyar awo, ya miƙa maka kwaɓi, amma ya ce duk duniya ba wanda ya yarda ya riƙe shi sai maigidansa da ya koya masa hawa."

Baba ya tsaya a matakala ta uku, yana tauna goro a hankali. Ni ina durƙushe ina kallon ƙasa, ma'aikatana goma sha suna kallon ƙeyata.

"Da hannu zan riƙe wannan buhun?" Rabon da ya ce mini buhu tun kafin aure.

Bello ya ce, "A'a. Ka sa ɗamara irin tasa. Igiya ɗaya ce, ta shiga tagar ɗakin matakala ta zagaya ginshiƙi ta fito. Baki ɗaya a bayansa, baki ɗaya a bayanka. In ya zame, nauyinka ya tare shi."

Isufu ya cusa hula a baki. Baba gaba ɗayansa bai kai nauyin cinyata ɗaya ba. Bello bai ko ƙifta ido ba, ya ce, "Ai gurun kakanka zai ƙara maka nauyi, ko ba shi da wannan ƙarfin?"

Baba ya tofar da goro ya ce, "Kawo." Isufu ya sa masa santir bisa guru, ya ja maɗauran cinya da na ƙirji, ya kulle ƙugiya. Baba ya ce, "Ku gaya wa mijin yarinyar nan kada ya kalli ƙasa. Ina nan."

Gaskiyar magana, igiya biyu ce. A cikin ɗakin matakala kowacce na ɗaure a nata ƙarfen da muka binne cikin siminti, na gwada su da buhu biyu-biyu tun kafin. Ba a haɗa mutum biyu a igiya ɗaya, balle ni da Baba, da na zame ai sai dai a tsince shi a Mirriya. Amma tunda na sayi ƙarya dole in yi mata hidima. Ni da na shekara ashirin ina yawo a bakin rufi kamar tsakar gidana, na koma rarrafe. In miƙa kwaɓi hannu na karkarwa, in kira sunayen Allah, in rungume zanko kamar ɗan'uwana da ya dawo daga Makka. Kafin azahar ƴan kabu-kabu sun kai labari Sabon Gari. Kafin la'asar mai furar da ke kawo mana ta ce, "Ɗan Goyo, a dama da nono ko hannunka zai zubar?" Sunan ke nan, daga bakinta ya fito.

Amma na ga aiki. Baba ya tsuguna a bakin rufi, ya leƙa da rabin jikinsa, ya shafa kwaɓi a goshin gini, ya bar shi ya sha iska kaɗan, sannan ya bi shi da gindin cokalin shayi da ɗan yatsa. Ba takarda, ba awo. Layi ya tashi daga nan, ya nutse ƙarƙashin wani, ya ɓullo can, ya dawo ya kama wutsiyarsa, sai ga dagi ya zauna kamar da shi aka haifi bangon. Wani lokaci sai in manta ni matsoraci ne in miƙe tsaye ina kallo, sai Isufu ya yi tari in koma rarrafe. Baba kuwa lokaci-lokaci yakan kai hannu baya ya taɓa igiya ya ce da zanko, "A gaya masa ya yi numfashi."

Rana ta huɗu, gab da azahar, zafi ya kai inda ƙadangaru ke neman inuwa. Saura zanko ɗaya, na kusurwar titi. Baba ya daɗe a tsugune, sai ya miƙe gaba ɗaya don ya duba aikinsa daga nesa. Na ga ya kai hannu yana neman bangon da zai dafa, ba bango. Ya ja da baya taki ɗaya, ya ƙara na biyu inda rufi ya ƙare. Igiya ta miƙe ta yi ƙara. Cokalinsa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, muka ji ya daki dutse can ƙasa, ƙararsa siririya. Na manta da rarrafe, taki biyu na kai bakin rufi. Ga Baba nan bai fi kamu biyu ƙasa da mu ba, yana lilo a jikin bango kamar guga, hularsa ta tafi, idonsa a rufe. Titi ya cika da salati. Ni da Isufu da mutum biyu muka kama igiya. Kafin mu ja sai ya buɗe ido.

"Bello!"

Daga ƙasa Bello ya amsa, muryarsa ba wasa a ciki: "Na'am, Malam."

"Mijin yarinyar nan bai faɗi ba dai?"

Bello ya ce, "Yana nan daram, Babarbare."

"To madalla. Na riƙe shi."

Muka jawo shi. Gwiwa ce kawai ta goge. Muka kai shi likita aka duba, aka ce ya huta kwana biyu, ya huta ɗaya. Ya dawo ya miƙa wa Isufu hannuwa a sa masa santir ba tare da kowa ya ce uffan ba, ya ƙarasa zankonsa. Gidan na nan a Birni, in kun bi ta wurin ku ɗaga kai. Gari ya rabu biyu, wasu suka ce igiya ce, wasu suka ce guru ne ya sa igiyar ta riƙe. Baba ya ce guru ne. Ni ban yi musu ba, suruki ne. Har yau in magini ya zo mini da gurunsa ina ce masa ya sa abinsa, santir a bisa. Isufu kuwa bai ƙara maganar jakin amalanke ba, yanzu shi ke bin mutane yana jan ƙugiyarsu ya ji ko ta kulle.

Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa, a ɗakinsa, a kan tabarmar da Mutari ya saƙa, tsakaninsa da ƙasa bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Allah ya jiƙansa. Bayan sadakar bakwai, mutane sun watse, Cima ta kawo mini ruwa ta zauna.

"Malam, Baba ya bar maka saƙo. Ya ce kada in faɗa sai ba ya nan."

"Ina ji."

"Ya ce tun ranar farko ya leƙa ɗakin matakala ya ga igiya biyu ce, kowacce da ƙarfenta. Ya ce shi ya koya maka ɗaurin tsani, ba za ka ruɗe shi da ƙulli ba. Kuma wai rawar ƙafar taka ta yi yawa, ko mai zazzaɓi ba ya haka."

Na ajiye kofin. Na ce, "To me ya hana shi faɗa? Shekara nawa ana kirana Ɗan Goyo!"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce ba a kunyata suruki gaban ma'aikatansa."